Tarihin Kare Bututun Ƙarƙashin Ƙasa da Lantarki, da Illar Wuce Gona da Iri a Cikinsa

Ƙarfen da aka binne a ƙasa ba ya zama lafiya, domin damshi da iska da gishirin da ke cikin turɓaya suna haɗuwa su mayar da shi sannu a hankali zuwa ga irin dutsen da aka narko shi daga cikinsa, kuma wannan komawa ita ce tsatsa. Masana sun gano cewa al'amarin lantarki ne tun daga tushensa, saboda a jikin bututu ɗaya akan sami wurin da lantarki ke fita daga ƙarfe ya shiga ƙasa, wanda ake kira anod, sannan a sami wurin da lantarkin ke dawowa cikin ƙarfen, wanda ake kira katod. Wurin fitar shi ne yake cinyewa, wurin shigar kuwa yakan tsira. Daga wannan fahimta aka gina sana'ar da ake kira kariyar katod, wato a tura lantarki daga waje ya shiga bututun ta ko'ina, ta yadda dukkan jikinsa zai zama wurin shiga, a mayar da cinyewar kan wani ƙarfe dabam da aka ajiye domin ya zama fansa. Tarihin sana'ar ya nuna cewa ma'abotanta sun yi saurin sanin mafi ƙarancin lantarkin da ke hana tsatsa, amma sun daɗe ƙwarai kafin su amince cewa akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba, kuma rufin da ake shafa wa bututu shi ne ya fi ɗanɗana kuɗar wannan jinkiri.

Sana'ar ta faro ne a teku, tun kafin a fara shimfiɗa dogayen bututun mai. Tun daga shekarar 1761 rundunar ruwan Ingila ta fara lulluɓe gindin jiragenta na katako da faifan jan ƙarfe, domin kare su daga tsutsar da ke huda katako da kuma ciyawa da dodon koɗin da ke manne musu su rage musu gudu. Amma ruwan gishiri yana cin jan ƙarfen, kuma kuɗin sabunta shi ya yi wa baitulmali nauyi, don haka hukumar rundunar ta nemi shawarar Humphry Davy, wanda yake shugabantar babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan tun daga 1820. A shekarar 1824 Davy ya gabatar da sakamakon bincikensa, inda ya nuna cewa idan aka liƙa ɗan guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin faifan, guntun ne zai cinye, jan ƙarfen ya zauna garau. An gwada dabarar a kan jirgin Samarang da wasu jirage, kuma ta ɓangaren hana cinyewa ta yi nasara yadda ake so.

Abin da ya biyo baya ya kamata ya zama darasin farko ga duk mai koyon wannan aiki. Jan ƙarfe yana korar halittun ruwa ne saboda ɗan abin da ke narkewa daga jikinsa guba ne a gare su, don haka da aka hana shi narkewa gaba ɗaya sai gubar ta ƙare, sannan wani farin ɓawo mai kama da alli ya riƙa kwantawa a kan faifan, ya zama shimfiɗar da ciyawa da dodon koɗi suka samu wurin kamawa. Jiragen suka dawo da lafiyayyen jan ƙarfe amma da gindi cike da datti, gudunsu ya ragu, kuma a 1825 hukumar ta ba da umarnin a cire waɗannan guntaye. Davy da kansa ya fahimci cewa yawan kariyar ne ya jawo ɓawon, har ya yi ƙoƙarin rage girman guntayen domin a bar faifan ya riƙa ɗan narkewa, sai dai hukumar ta riga ta juya wa dabarar baya, shi kuma ya rasu a 1829. Wato tun ranar da aka haifi sana'ar aka ga cewa garin neman gira ana iya rasa ido.

Mataimakin Davy a wannan aiki, Michael Faraday, shi ne ya fitar da ƙa'idojin da suka danganta yawan lantarki da nauyin ƙarfen da ke narkewa a tsakanin 1833 da 1834, kuma a rubuce-rubucensa ne kalmomin anod da katod suka shiga harshen kimiyya. Duk da haka kusan ƙarni guda ya shuɗe dabarar tana gefe, in ban da ɗan amfani da ita a jikin jiragen ƙarfe da tukwanen injin tururi. Thomas Edison ya gwada tura lantarki daga na'ura zuwa jikin jirgi a wajen 1890, bai kai ga nasara ba saboda rashin kayan aikin da suka dace.

Amurka ce ta dawo da ita, lokacin da bututun mai da na iskar gas suka fara ratsa dubban kilomitoci a shekarun 1920, ɓulewarsu kuma ta zama asarar yau da kullum. A birnin New Orleans, inda ƙasa take da laima da gishiri, wani injiniya mai suna Robert Kuhn ya haɗa wa bututun gas na'urar juya lantarki a 1928. Wannan na'ura, wadda ake kira rektifaya, tana karɓar wutar gari mai kai da komo ta mayar da ita mai tafiya fuska ɗaya, a haɗa waya ɗaya da bututu, ɗayar kuma da tarin ƙarafan da aka binne a nesa kaɗan. A 1933 Kuhn ya gabatar da adadin da har yau ake aiki da shi, inda ya ce idan aka auna bambancin lantarki tsakanin bututu da ƙasa ta hanyar sandar awo ta jan ƙarfe da aka tsoma cikin ruwan gishirinsa, aka sami bolt 0.85 a ɓangaren ƙasa da sifili, to tsatsa ta tsaya ko ta yi raunin da ba a damu da ita ba. Ana rubuta adadin −0.85, kuma gwargwadon yadda aka ƙara wa bututu lantarki haka adadin yake ƙara zurfi, ya tafi −1.0, ya wuce zuwa −1.2.

Wannan adadi ya yi wa sana'ar amfani mai yawa, domin ya ba ma'aikacin daji abin da zai auna ya rubuta a littafi. A 1943 injiniyoyi 11 suka kafa ƙungiyar NACE a birnin Houston, a 1969 ƙungiyar ta fitar da kundin ƙa'idojinta na bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, sannan daga 1971 dokar tarayyar Amurka ta wajabta rufi da kariyar katod a kan sababbin bututun gas. Amma adadin yana da wata illa da ba laifin Kuhn ba ce: iyakar ƙasa ce kawai, kuma mai binciken hukuma yakan kama wanda bai kai ta ba, ba kasafai yake tuhumar wanda ya zarce ta da nisa ba. A irin wannan yanayi kowa ya san abin da ma'aikaci zai yi idan ya ga awo ya yi rauni a wani wuri, wato ya je ya murɗa rektifaya ya ƙara wuta.

Yadda lantarki yake rarrabuwa a jikin dogon bututu ya ƙara tsananta lamarin. Ƙarfinsa ya fi yawa a daidai inda aka haɗa wayar, yana raguwa gwargwadon nisa, kuma idan rufin ya tsufa ya yi huji da yawa sai lantarkin ya riƙa zurarewa a hanya kafin ya kai ƙarshe. Domin a sami −0.85 a can nesa, dole ne kusa da na'urar ya sha fiye da ƙima, kuma wannan yawan shan yana lalata rufin wurin, lalacewar ta buɗe sabon ƙarfe tsirara, sabon ƙarfen ya nemi ƙarin lantarki, a sake murɗa na'urar. Tsofaffin layuka da yawa sun shiga wannan zagaye na shekaru, alhali littattafan awonsu suna nuna cewa komai lafiya.

Ya dace a tsaya a kan abin da ke faruwa a bakin hujin, domin a nan asirin yake. Babu rufin da ba shi da ɗan huji, ko daga masana'anta ko daga dutsen da ya karce shi lokacin binnewa, kuma ta waɗannan kafofi lantarki yake shiga ƙarfe. A daidai wurin shigar, iskar oksijin da ruwan ƙasa suna haɗuwa su haifar da wani sinadari mai ɗabi'ar kanwa, wato kishiyar tsami. Ana auna wannan ɗabi'a da ma'aunin pH, wanda tsakiyarsa 7 ce, abin da ya haura haka yana karkata ga kanwa, abin da ya gaza kuma ga tsami. Matsakaicin kaifin kanwa alheri ne ga ƙarfe, saboda yana sa wani siririn ɓawo mai kariya ya kwanta a kansa, kuma masana da yawa suna ganin cewa wani muhimmin ɓangare na amfanin kariyar katod daga nan yake fitowa, kamar yadda taswirorin da Marcel Pourbaix na Beljiyam ya wallafa a 1963 suka taimaka wajen bayyanawa. Amma idan aka matsa lantarki har adadin ya kai wajen −1.1 zuwa −1.2, oksijin ɗin da ke isowa wurin ba ya wadatarwa, sai ruwan kansa ya fara tsagewa, iskar haidirojin ta riƙa fita, kaifin kanwar kuma ya hau har pH ya kai 13 ko fiye a ƙarƙashin gefen rufin.

Duk wanda ya ga yadda ake dafa sabulun salo, inda ruwan toka ke cin mai ya mayar da shi sabulu, ya riga ya ga rabin abin da ke samun wasu rufuka, domin fentin da aka haɗa da mai yakan narke ta wannan hanya idan kanwa ta same shi. Rufukan da ba su da mai ma ba su tsira ba, saboda ruwan kanwar yana kutsawa tsakanin ƙarfe da rufi, ya raunana mannewar da ke tsakaninsu, ya riƙa faɗaɗa da'ira daga bakin hujin zuwa waje. Wannan shi ake kira ɓamɓarewar katod. Wani lokaci kuma ruwa yakan taru a ƙarƙashin rufin ya tayar da bororo kamar na ƙunar wuta. Zafi yana gaggauta duk wannan, shi ya sa sassan da ke bayan tashoshin matsa gas, inda bututu yake fitowa da zafi, suka fi saurin lalacewa. Ƙarafa irin su dalma da alminiyam kuwa kanwar tana cin jikinsu kai tsaye, kuma masu kula da wayoyin ƙarƙashin ƙasa da ake lulluɓewa da dalma sun riga masu bututu ganin cewa yawan kariya yana iya zama sanadin cinyewa.

Haidirojin ɗin yana da tasa ɓarnar dabam. Tun a 1875 William Johnson ya nuna a Ingila cewa ƙarfen da haidirojin ya shige shi yakan rasa laushinsa ya riƙa karyewa kamar busasshen itace. Tsofaffin bututu masu laushin ƙarfe ba su cika damuwa da haka ba, sai a wuraren da ƙarfen ya ƙandare tun daga masana'anta ko a gefen walda, amma da aka koma ga ƙarafa masu ƙarfin gaske domin a rage kauri a ƙara matsin gas, sai haɗarin ya ƙaru, domin gwargwadon taurin ƙarfe gwargwadon saurin tsagewarsa idan haidirojin ya shige shi.

Tarihin rufin kansa ya tafi kafaɗa da kafaɗa da wannan matsala. Da farko kwalta ake narkawa a shafa, a naɗe da ƙyalle ko takarda mai kauri, daga baya a shekarun 1950 da 1960 aka yawaita naɗa tef na leda mai ɗanko saboda sauƙin aikinsa a daji, sannan a wajen 1960 aka fito da garin efoksi da ake fesawa a kan bututu mai zafi ya narke ya manne, a shekarun 1980 kuma Turai ta yaɗa rufi mai hawa uku, efoksi a ƙasa, ɗanko a tsakiya, leda mai kauri a waje. Bambancin da ya fi muhimmanci a tsakaninsu shi ne halin da kowanne yake nunawa bayan ya ɓamɓare. Efoksi siriri ne, yana barin ɗan lantarki ya ratsa shi, don haka ko ya saki jikin ƙarfe akan tarar da wurin da kaifin kanwa kuma babu tsatsa. Leda kuwa ba ta barin lantarki ya wuce, saboda haka idan ta saki, ruwa yana shiga ƙarƙashinta amma kariya ba ta shiga, tsatsa ta yi ta aikinta a ɓoye alhali awon da ake yi a saman ƙasa yana nuna adadi mai kyau.

Abin da ke iya faruwa a ƙarƙashin sakakken rufi ya bayyana ta hanya mai ban tausayi. A ranar 4 ga Maris 1965 bututun gas ya fashe kusa da garin Natchitoches a jihar Louisiana, mutum 17 suka mutu, kuma bincike ya gano wani nau'in tsagewa da ba a san shi a bututu ba kafin lokacin, wanda matsi da tsatsa suke haɗuwa su haifar. Ruwan da ke jawo shi yana samuwa ne idan kanwar da lantarki ya haifar ta sha iskar kabon ta cikin ƙasa, ta taru a ƙarƙashin sakakken rufi inda kariyar take isa rabi da rabi. A Kanada kuma hukumar makamashi ta ƙasa ta fitar da rahoto a 1996 wanda ya ƙirga fashewa da ɓulewa 22 tun daga 1977 saboda wani nau'in tsagewa mai kama da wannan, yawancinsu a layukan da aka naɗe da tef na leda. Adalci ya buƙaci a ce ba yawan lantarki ne kaɗai ke sakin rufi ba, domin motsin ƙasa mai yumɓu da rashin goge ƙarfe sosai kafin shafawa da zafi duk suna da hannu, kuma a layukan Kanada su ne suka fi rinjaye. Amma waɗannan hatsarori sun tabbatar da cewa sakin rufi babban al'amari ne, don haka duk abin da ke gaggauta shi, har da murɗa rektifaya fiye da ƙima, bai kamata a ɗauke shi da wasa ba.

Gyaran ya zo ta fuska biyu. A ɗakin gwaji aka tsara jarrabawar da ake yi wa kowane rufi kafin a saye shi, kamar wadda ake kira ASTM G8, inda ake huda rufin da gangan, a tsoma guntun bututun cikin ruwan gishiri, a ɗora masa kimanin bolt −1.5 na tsawon kwana 30, sannan a sa wuƙa a ɓamɓare a auna faɗin da'irar da ta saki. A daji kuma aka gane cewa awon da ake yi alhali na'ura tana aiki yana ɗauke da ƙari na ƙarya, saboda lantarkin da ke ratsa ƙasa yana haifar da nasa bambancin wanda sandar awo take haɗawa da na bututu. Maganin shi ne a katse dukkan na'urorin layin a lokaci guda, a karanta adadin a cikin ƙiftawar ido kafin ya fara dusashewa. Da wannan awo aka ga cewa wurin da ke nuna −2.0 yana iya kasancewa −1.1 ne a haƙiƙa, aka kuma ga cewa adadin gaskiya ba ya zarce wajen −1.2 da yawa komai wutar da aka ƙara, domin ƙarin yana tafiya ne wajen tsaga ruwa da tara kanwa. A kan haka ƙa'idar duniya ta ISO 15589-1 ta sanya −1.2 a matsayin iyakar da ake gudun ƙetarewa saboda lafiyar rufi, ta kuma nemi a yi taka-tsantsan na musamman da ƙarafa masu ƙarfin gaske. An kuma amince da wata hanya ga tsofaffin layuka marasa kyawun rufi, wato a wadatu idan kariyar ta matsar da adadin bututu da kashi ɗaya cikin goma na bolt daga inda yake tun asali, maimakon a tilasta masa kaiwa −0.85 ko ta halin ƙaƙa.

Wata sabuwar fuska ta bayyana a Jamus a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka sami ɓulewa a bututun gas mai kyakkyawan rufi da cikakkiyar kariya, wanda yake tafiya kusa da layin wutar jirgin ƙasa. An gano cewa wuta mai kai da komo da ke tsallakowa daga manyan wayoyi tana taruwa a ƙananan hujojin rufi ta ci ƙarfen, kuma bincike ya nuna cewa yawan lantarkin kariya yana iya ƙara wannan ɓarna, saboda kanwar da ke taruwa a bakin huji tana sauƙaƙa wa wutar hanyar wucewa. Wannan ya rushe ragowar tunanin cewa ƙarin wuta, in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba.

Darasin ya shafi ƙasashen da dogayen bututu suke ratsawa a yau, kamar layin Chadi zuwa Kamaru mai kilomita 1,070 da aka buɗe a 2003, da layin Agadem zuwa gaɓar tekun Benin mai kusan kilomita 2,000, da layin gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Sabon bututu mai kyakkyawan rufi yana buƙatar lantarki ɗan kaɗan ƙwarai, don haka shi ne ya fi sauƙin sha fiye da ƙima idan aka haɗa masa na'urar da ta fi ƙarfinsa. Sannan a yankin da ƙasa take bushewa ƙayau da rani ta jiƙe sharkaf da damina, na'urar da aka saita a watan Maris tana iya tura wutar da ta wuce buƙata a watan Agusta, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya sauƙin ratsawa. Ya kamata injiniyoyin da ke kula da waɗannan layuka, da malaman da ke horar da masu gadonsu a jami'o'i da kwalejojin fasaha, su riƙa ɗaukar awon katsewa a rani da damina duka, kuma su buɗe wa iyakar −1.2 gurbi a littafin awo kamar yadda aka buɗe wa −0.85.